Ranar da Kawuna Ya Faɗi a Gindin Kuka

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in ɗora wa mutane laifin da ba su yi ba. Amma shekaranjiya na ji ƙarar naushi daga wayar ɗana, yana kallon fim ɗin wani ƙaton bature da aka ce a da ɗan kokowa ne, sai abinci ya fita raina.

Ƙanen mahaifiyata ɗan kokowa ne. Daga Matameye har Dungu da Kurni, ba a taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba. Ina tuna warin fatar layunsa in ya dawo daga fili, gumi ya jiƙa su, ya rataye su can sama inda hannunmu ba ya kai.

Wata shekara an gama girbi, dammunan gero na jibge a tsakar gida, sai ga mutum uku da kamara ɗaya da bindigar katako. Suka ce fim ɗin faɗa za su yi, irin wanda muke kallo a gidan bidiyo na bakin tasha, suna neman ƙato ya fito a shugaban ɓarayi. Kakata tana sussuka, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “Daga ina kuke?” Ɗaya ya ce Damagaram, ɗaya ya ce Kano. Na ukun kuwa damtsen Kawu kawai yake kallo.

Kawu ya yarda, don yana son finafinan nan ƙwarai. An yi abin a bayan gari, a gindin wata kuka, da hantsi. Suka ce ɓarawon fim ba ya ɗaura laya, sai ya kwance su ya ba na ukun ya sa a jaka. Jarumin wani siririn saurayi ne da ko buhun gero ba zai ɗaga ba. Ya taɓa Kawu da ƙafa, Kawu ya faɗi rigingine. Aka ce bai yi ba, a sake. Ya tashi yana dariya, ya sake faɗuwa. Aka shafa masa ruwan zoɓo a baki, mu yara muna ta tafi.

Da ya dawo gida kakata ta dubi bayansa, duk ƙasa.

“Wa ya kayar da kai?”

“Inna, wasa ne fa.”

“Ita ƙasar ta san wasa ne?”

Mutanen suka tafi, suka ce kaset zai zo. A wannan ranin, a filin Kantche, wani yaro da bai isa ya riƙe masa buta ba ya kayar da shi tun makaɗa ba su gama kirari ba. Bai sake shiga fili ba.

Kakata har ta rasu cewa take abokan karawarsa ne suka turo mutanen, an taɓa layun nan a cikin jaka. Wasu sun ce kamarar ma babu kaset a cikinta. Babana ya ce babu wani sihiri, Kawu ne da kansa ya koya wa jikinsa faɗuwa. In na yarda da Baba da safe, da yamma sai in tuna garuruwa biyun da mutanen suka ambata. To amma ɗan Damagaram ai yana iya zama a Kano. Allah ya yafe mini in zato nake yi.

Yanzu gidan bidiyon ya zama shagon cajin waya. Kawu ya tsufa, yanar ido ta fara rufe masa gani. Matasan unguwa suna tsokanarsa da cewa an yaudare shi, shi kuwa har yau amsarsa ɗaya ce: “Fim ɗin ya fito, nan ne dai bai iso ba.”

Don Allah, in akwai wanda ya taɓa ganin wani tsohon fim mai wani ƙato da baƙar riga marar hannu, da tabo a kafaɗar hagu, yana faɗuwa a gindin kuka, ya sanar da ni ta wannan shafin. Ba na neman a kama kowa. So nake in kunna masa tun idonsa yana gani. In kuwa kun san babu fim ɗin, ku faɗa mini ni kaɗai. Shi ba zan gaya masa ba.