Sawun Kaka a Tsohon Filin Jirgin Soja

Birnin Kebbi

Ladan bai gama gyaran murya ba na fice daga gida, kyamarar Kawu Sani mai hoto na rataye a wuyana. Hoto uku kacal suka rage a fim ɗin. Kakana Malam Dikko kullum cewa yake da shi aka gina filin jirgin soja na wajen Argungu lokacin yaƙin Turawa, har ya taka ɗanyen siminti aka zane shi. Kakata Inno kuwa ta ce ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ba. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, ya ce in kawo masa shaida tun yana da bakin gardama.

Hanya

A-kori-kurar da na shiga ta girmi Kaka. Direba ya rantse ba zai ta da mota ba sai na ɗauke shi hoto. Saura biyu. A shinge, ɗan sanda ya gyara hula, ya haɗiye tumbinsa, ya ce, "Yaro, ɗauka!" Saura ɗaya. Na cusa kyamarar cikin riga, na duƙe kamar mai ciwon ciki.

Argungu

Da hantsi muka iso. Na ci kifi a tsaye, ƙaya ta kusa aika ni lahira. Wani mai keke ya goya ni zuwa filin.

Jirage na zata zan gani. Sai ɗaki ba rufi, ganguna masu tsatsa, da simintin da ciyawa ta farfasa. A kusurwar gabas, daidai inda Kaka ya kwatanta, wata tsohuwa ta shanya shinkafa.

"Inna, don Allah a ɗan janye ta."

"Wanga yaro, mi kaka nema? Ba ta bushe ba. Sai la'asar."

Ga rana tana gudu, ga motar komawa ba ta jira. Na zauna, na tashi, na kori awaki, na taɓa shinkafar ya fi sau dubu. Da la'asar ta miƙo mini tsintsiya. Na yi shara har bayana ya yi ƙara, sai ga shi: sawun ƙafar hagu, yatsu huɗu. Tun Kaka yana yaro fartanya ta cire masa na biyar. Na saita kyamarar, na danna.

Gida

A kan buhunan albasa na dawo, ina wari har sauro ya ba ni hanya. Washegari Kawu ya wanke fim. Direba ya fito fes, ɗan sanda ya fito fes, sawun kuwa dishi-dishi.

Idon Kaka ya yi rauni, sai ya miƙa wa Inno. Ta daɗe tana kallo.

"Ƙahwatai ta," ta ce, wato ƙafarsa ce. "Wa ka taka aikin mutane in ba shi ba?"

Kaka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya sa hoton ƙarƙashin matashinsa.

Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Kawu, da tsohuwar da ta samu ɗan shara kyauta.