Ƙyauren da Baffa Ya Ƙera

Duk unguwarmu, can bayan masana'antun Bompai, babu gidan da ya kai namu munin ƙofa. Maƙwabta sun sa get mai fenti, mu kuwa muna nan da ƙyauren da aka yi da duron mai, an tsaga shi an baje da guduma, tsatsa ta ci gindinsa har kaji suna shiga ta ƙasa. In aka buɗe shi sai ya yi ƙara, duk layin a san wani ya fita daga gidanmu. Gidan duro ake ce mana, kuma tun ina firamare nake dambe a kan sunan nan.

Baba ne ya hana a canza shi, dalilinsa kuwa ya girme ni nesa ba kusa ba.

A zamanin yaƙin Hitila, in ji shi, nan duk gonaki ne, ana hango filin jirgi daga kan rumbu. Sai jiragen Amurka suka fara sauka, manya masu ɗaukar kaya. Ba faɗa suke yi a nan ba, dako ne aikinsu. Su sauka, su sha mai, su tashi su yi gabas inda wutar take ci. Aka ɗebi samarin ƙauyuka leburanci, wasu suna fasa dutse don faɗaɗa hanyar jirgi, wasu suna mirgina duron mai. Yayan Baba, wanda muke kira Baffa ko da yake ba mu taɓa ganinsa ba, yana cikin masu mirgina duro. Shi ya samo guda ɗaya da ya huje, ya baje shi, ya yi wa mahaifiyarsu ƙyaure a maimakon asabarin da ke bakin zaure. Har na girma ana iya ganin inuwar wani tauraro da baƙaƙen boko a jikinsa.

Wata rana aka ce ana son lebura su bi kaya zuwa wani filin jirgin a gabas. Baffa ya ce wa mahaifiyarsa kafin a yanke gero zai dawo, ya shiga jirgi. Shi ke nan. Wasu suka ce jirgin ya faɗi a hamada. Wasu suka ce ya sauka a Sudan, ya bi 'yan takari ya yi Makka a ƙafa. Kakarmu ta zaɓi magana ta biyu ta riƙe, ta hana a yi masa salla, ta hana a yi sadakar uku. Da za ta rasu ta ce da Baba kada ya cire ƙyauren, don gari yana ta canzawa, in ɗanta ya dawo da shi zai gane gida.

Garin kuwa ya canza. Kamfanoni suka cinye gonakin, aka rushe gidanmu na ƙasa aka yi na bulo, amma sai da Baba ya sa magini ya auna bakin zaure daidai da tsohon ƙyauren. Duk alhajin da ya dawo daga Makka, in Baba ya je yi masa barka, sai ya tambaye shi ko ya ga wani Bakano dogo mai tabon ƙuna a hannun hagu. Abin yana ba ni kunya, yana kuma ba ni haushi. Na taɓa ce masa, "Baba, don Allah ku duba shekarunku. Ku da kuke ƙaninsa kenan fa."

Ya dube ni ya ce, "Ka ga gawarsa?"

Na ce ban gani ba.

"To ja bakinka."

A damunar da ruwa ya tsaga bangon zaurenmu, ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa. Magini ya zo gyara, ya cire ƙyauren ya jingina shi a waje, ya tafi sallar azahar. Su kuwa 'yan jari-bola, a wurinsu duk ƙarfen da ya yi tsatsa aka jingina shi a bakin hanya, mai shi ya yar ne. Ba na ce sata suka yi ba. Suka ɗora shi a kura suka wuce.

Matata ce ta kira ni a waya, ta ce an ɗauke ƙyauren. Na bar injin, na hau adaidaita na dawo. Na tarar da Baba tsaye a ƙofar gida da sandarsa, yana kallon wurin da ƙyauren ya bar shaida a jikin bango. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Maginin ya sha zagi a bakina, na san ba shi da laifi, amma ranar ba a kan gaskiya nake ba.

Na yi kwanaki ina bin wuraren da ake auna tsohon ƙarfe, daga Bompai har Sharaɗa. Ko'ina sai a nuna mini tudun ƙarafa a ce in duba. Wani dillali, mutumin Jigawa, ya tausaya mini ya ce, "Malam, irin wannan ba ya kwana. In ya shiga mota, Challawa ake kai shi a narka, ya fito rodi." Na je har Challawa na tsaya a bakin get ina kallon hayaƙi. Ni da na yi shekaru ina addu'ar a raba mu da ƙyauren nan, sai ga ni ina share hawaye a gaban mai gadi.

Na sayo ƙofa sabuwa, ta ƙarfe, mai kyau. Baba ya ce a mayar da ita cikin gida.

"Baba, ba ma kwana da zaure a buɗe ba," na ce.

"Da dare ku rufe abinku. Da rana a bar shi a buɗe." Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin zauren. "Tunda babu abin da zai gane gidan da shi, sai ya tarar da ni. Kamarmu ɗaya."

Haka ya zauna kullum, daga hantsi zuwa magariba, mutumin da likita ya ce ya riƙa kwanciya. Manyan motocin kamfani suna wucewa suna buɗe shi da hayaƙi. In jirgi ya yi ƙasa-ƙasa zai sauka, sai ya ɗaga kai ya bi shi da ido har ya ɓace bayan rufin masana'antu, sannan ya gyara hularsa. Na roƙe shi, na yi fushi, na turo masa liman, duk a banza. Tari ya kama shi, bai kai damuna ta gaba ba.

Ranar sadakar uku mutane suka cika ƙofar gida. Liman ya matso kusa da ni kafin ya ɗaga hannu, ya ce in faɗa masa cikakken sunan mamacin. Na dubi bakin zauren, tabarmar tana nan ba wanda ya naɗe ta.

Na ce, "Malam, su biyu ne."