Sawu a Ɗanyen Daɓe

Ni na ɗauko matar nan, ba wanda ya sa ni. Har Gagarawa na taka na same ta, don an ce duk ƙasar Gumel babu mai hannun daɓe kamarta. Lokacin Turawa ba su daɗe da kafa alamun iyaka ta wajen Maigatari ba, ni kuwa na ɗan samu abin hannu a fataucin fata, kaina ya kumbura. Na ce tsakar gidanmu na Sule Tankarkar ta gama zama rairayi, sai an daɓe ta tun daga bakin zaure har ƙofar ɗakin Inna.

Na gaya wa mutane wai don Inna nake yi, ta makance, tana tuntuɓe. Ƙarya nake. Inna ba ta taɓa tuntuɓe a gidan nan ba. Gajiya na yi da abin da take yi kullum da safe.

Da yamma sai ta sa matata ta share tsakar gida, rairayi ya kwanta lumui. Gari na wayewa sai Inna ta fito ba takalmi, tana jan tafin ƙafa a hankali, tana faɗin wanda ya wuce. Nan kaza, nan ɗan akuya, nan ni da buta. In ta kai gindin randa sai ta tsaya cak, ta ce auta ya zo shan ruwa. Autan nan ƙanena ne. Shekarar yunwa ya bi ayari zuwa Damagaram, shekara shida ba shi ba labarinsa. Tun yana ƙarami gatari ya cire masa ɗan yatsan ƙafar hagu, Inna kuwa ta rantse yatsa huɗu take ji. Kafin in zo dubawa, ƙafarta ta riga ta murje wurin. Ni da nake ciyar da ita, ɗan fari ne, sunana ma ba ta kamawa, magana sai ta bi ta bakin matata. Wanda ya tafi ya bar ta kuwa, shi ake wanke wa moɗa. Haushi nake ji, ba zan ɓoye ba.

Mai daɓen ta iso da mata huɗu, kowacce da madaɓinta, icen da suke bugun ƙasa da shi. Gajeruwa ce, ba ta dariya. Ta sa na yi ta jigilar tsakuwa a kan jakuna, don ƙasarmu ko dutsen jifan kare sai ka nema, na kuma sayo makuba, ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a zuba don daɓe ya yi ƙarfi. Safiyar farko ta tsaya ta kalli Inna tana tafiyarta har gindin randa. Ta ja ni gefe ta tambaye ni ko tsohuwa ta yarda, ta ce in daɓe ya bushe ba ya riƙe sawu. Na ce mata aiki na ɗauko ta, ba shawara ba.

Inna dai ta gaya wa matata kada a tono randar, a daɓe kewayenta.

Kwana uku suna bugu suna waƙa, har ƙirjin mutum na amsawa. Rana ta ƙarshe aka kwarara ruwan makuba, wuri ya yi ja-ja yana sheƙi. Mai daɓe ta ce kwana biyu ko kaza kada ta taka. Muka kwashe zuwa gidan goggona, ni da hannuna na ɗaure ƙyauren zaure, na jibga ƙaya a baki.

Washegari bayan azahar na ce bari in leƙa in ga abina. Rana ƙwal, unguwa tsit, duk an tafi kasuwa. Ƙaya tana nan yadda na jibga ta, ƙullin igiya nawa ne. Na tsaya a bakin zaure na duba. Daɓe sumul, ko ƙadangare bai ja wutsiya a kai ba. Can gindin randa, inda ba katanga kusa balle a ce dirowa aka yi, sawu ɗaya. Ƙafar hagu, ta nutse sosai kamar mai ita ya tsaya ya daɗe. Babu na zuwa, babu na komawa. Moɗa tana kife a bakin randa, ruwa na ɗiga daga gefenta.

Na shimfiɗa tabarma na taka har wurin, na durƙusa. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Huɗu.

Tsoro ya kama ni. Na kira sunansa sau ɗaya, a hankali, ba wanda ya amsa. Da a ce tsoron nan ya riƙe ni, da na ruga na kamo hannun Inna na kawo ta. Amma haushi ne ya biyo baya, ya fi tsoron ƙarfi. Wato ko daɓen da na sha wahalarsa, nasa ne? Na ɗauko madaɓin da matan suka jingine a zaure, na yayyafa ruwa, na yi ta bugu har wurin ya shafe. Na naɗe tabarmata, na mai da ƙaya, ban gaya wa kowa ba.

Mai daɓe ta zo duba aikinta ranar da za mu koma. Ta kalli gindin randa, ta kalle ni, ta tattara matanta. Goron sallama ma ba ta karɓa ba.

Da aka shigo da Inna, sai ta saki hannun matata ta tuɓe takalmi. Ta ja ƙafa, ta ja ƙafa, ba abin da ƙasa ta gaya mata. Ban taɓa ganin ta lalube a gidan nan ba sai ran nan. Ta durƙusa, tsohuwa da ita, ta bi daɓen da tafin hannu, tana rarrafe, har ta kai randa. Nan hannunta ya tsaya. Ta shafa wurin ya fi sau goma.

Ba ta juya wajen matata ba. Ni ta fuskanta.

"Wa ya sake bugun nan? Wannan ba hannun mace ba ne."

Na ce ni ne, Inna, wani abu ne ya taka, na gyara.

"Yatsa nawa?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Ka ƙirga," in ji ta.

Ta miƙe da kanta, ta bi katanga ta shiga ɗaki. Daga ranar ba ta ƙara fitowa da safe ba, ba ta kuma kai damina ba.