Na hau soro ban yi shela ba

Shekarun baya can, lokacin da ciwon ɗaukar hoton tsuntsaye ya kama ni, na sayi kyamara ta hannu mai dogon gilashi, irin wanda ke jawo nesa kusa. Na dawo da ita gidanmu a Ɗanzomo ina ta hura hanci.

Akwai wata cilakowa da ke sauka kullum da hantsi a kan darbejiyar bayan gidanmu. Sati biyu ina bin ta, amma duk hoton da na ɗauka sai ya fito dishi-dishi. Dogon gilashi ba ya yafe rawar hannu ko kaɗan. Sai na gane dole in zo daidai da tsayin reshen, in kuma samu inda zan ɗora kyamarar. Na cika ɗan buhu da rairayi, na jingina tsani, na haye soron mahaifina.

A garinmu namiji ba ya hawa soro sai ya ɗaga murya sau uku, "Za a hau sama!" don matan maƙwabta su kimtsa. Na san da haka sarai. Amma in na yi ihu tsuntsuwata za ta tashi, don haka na lallaɓa shiru kamar ɓarawo.

Na kwanta rub da ciki, na ɗora gilashin a kan buhun, na saita idon cilakowar, na riƙe numfashi, na yi ta dannawa. Sai kawai na ji salatin mace. Ashe bayan reshen nan tsakar gidan maƙwabcinmu ne, ban ko lura ba.

Kafin in sauko har dattijon mai gidan ya iso zaurenmu. Shi da mahaifina tare suka taso, amma ranar ko gaisuwa bai amsa ba.

"Malam, ɗanka ya auna iyalina da na'ura daga sama."

Mahaifina bai daka mini tsawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. A hankali ya ce, "Miƙa masa ya duba. In aka ga fuskar mace ko ɗaya, yau ka bar gidan nan."

Wallahi ban san abin da ke ciki ba. Na durƙusa ina matsa wa dattijon hotunan. Ga cilakowa tar, har gashin idonta ana gani. Bayanta kuwa komai ya narke, babu abin da ake ganewa. A na bakwai ya riƙe mini hannu.

"Wannan jan na baya fa?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

"Ni na sani. Zanen mai ɗakina ne, ni na saya."

Ya kai hoton kusa da idonsa, ya janye, ya sake kaiwa. Ja ne kawai, ba kai ba ƙafa. Ya daɗe kafin ya miƙo mini kyamarar.

"Na'urarka ta fi ka kunya, yaro. Ita ta kawar da ido."

Ban bar gida ba, amma sai da mahaifina ya yi wata guda bai zauna tabarma ɗaya da amininsa ba, kuma ni na jawo. Har yau hoton nan ne mafi kyau da na taɓa ɗauka, kuma ban taɓa nuna wa kowa shi ba. Yanzu ko tsani zan taka sai na ƙwala shela sau uku. Tsuntsayen su tashi, in zauna in jira su dawo.