Ja a Jikin Tsumma

Mijina mai fentin mota ne, shekara talatin da ɗaya ke nan ina fama da wankin rigunan da tabonsu ba ya fita. A garejin da yake aiki ba mai kiran sunansa, Madubi suke ce masa, domin in ya gama da mota sai ka ga mutane suna gyara zaman hula a jikin ƙofarta. A waje shiru-shiru ne, amma a gida in aka taɓo zancen fenti sai ka ce an kunna rediyo. Da haka na san sana'ar ba tare da na taɓa riƙe injin feshi ba. Na san fentin mota hawa uku ne: na ƙasa, sai launi, sai wani ruwa garai-garai da ake fesawa a sama, shi ne mai ƙyalli, shi ne kuma ke kare launin daga rana. Wannan na saman, in ji shi, bai fi ɓawon albasa kauri ba. Ya sha faɗa, har 'ya'yanmu suna kwaikwayonsa a bayan ido, cewa mai goge kwarzane ya riƙa duba tsummansa. Muddin tsumman fari ne yana kan hanya, da zarar launin motar ya fito a jiki kuwa, ya huda shafin sama, ya yi ɓarna.

Wata Laraba na kai masa abincin rana. Na tarar da shi tsugune gefen wata jar mota, ta shugabar makarantar da 'yarmu ke koyarwa. Wani mara tsoron Allah ne ya ja mata mukulli a ƙofar direba, ita kuma ta ce ba mai taɓa mata mota sai Madubi, tunda shi ya fente ta shekara biyu da suka wuce. Yana ta murza man gogewa a wurin. Tsumman hannunsa ya yi ja wur, kamar an yanka kaza a kai. Ina kallo ya ɗaga shi daidai fuskarsa, ya dube shi da kyau, ya ninka, ya ci gaba da murzawa.

Na duba hagu da dama, mai walda na can yana ta tartsatsi, bakanike ya shige ƙarƙashin wata mota. Na matso na rage murya.

"Malam, tsumman nan fa ya yi ja."

"Ke kuma yaushe kika zama mai fenti?"

Haka ya ce, amma hannunsa ya tsaya. Ya shafa ƙofar da bayan yatsunsa a hankali, har ya iso inda santsi ya ƙare. Wuri ne kamar faɗin tafin hannu, ya dushe, ba ƙyalli ko kaɗan.

A bayan rumfa, inda yake tara gwangwanaye, ya gaya mini gaskiya. Kusan shekara guda ke nan, duk abin da ya sa wa ido sai tsakiyarsa ta yi duhu, gefe-gefe kawai yake gani. Da yatsu yake aiki, da kuma sabo. Nan take na tuna shayin da yake zubawa a gefen kofi ina yi masa tsiya, na tuna ranar da ya wuce ƙanwata a titi bai gaishe ta ba, har ta yi wata biyu ba ta tako gidanmu ba. Haushi ya kama ni, na faɗa masa maganganu, ciki har da cewa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Na ce ga asibitin ido nan a gari, ya je a duba shi. Da na yi shiru sai ya ce mini shi mahaifinsa yake tunawa.

Ba sai ya ƙara komai ba. Surukina ya makance yana da ƙarfinsa, ya shekara tara a kan tabarma a bakin ƙofa, ni nake sa masa cokali a hannu. Tsoro ya rufe ni. Na san kuma halin gareji, magana ɗaya in ta fita da safe, kafin yamma ba mai sake kawo masa ko keke.

Shugabar makaranta za ta zo ɗaukar motarta ranar Juma'a. Mijina ya ce faci ba zai yi ba, dole a bi ƙofar gaba ɗaya, kuma hannunsa ya san aikin, ido ne babu. Na ce to ga nawa idon.

Washegari da sassafe muka iso, na yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi. Ya jiƙa samfefa mai laushi ya bi ƙofar tun daga sama har ƙasa, ni kuma ina nuna masa inda ƙyalli ya rage. Muka wanke, muka tsane, muka liƙe gilashi da hannun ƙofa da takarda. Allah ya taimaka akwai ragowar jan fentin motar a wani gwangwani, ni na nemo shi cikin guda goma sha, ina karanta rubutunsa na da, lokacin da yake rubutu a miƙe. Ya ɗan fesa a inda ya huda, na ce launin ya rufe wurin, muka jira ya sha iska.

Mai walda ya leƙo yana dariya, wai ko amarci aka dawo da shi gareji. Na ce masa ya je ya ji da tasa matar da ke aiko masa abinci ba gishiri. Ya tafi yana ƙyaƙyatawa.

Sai aka zo kan ruwan saman, wanda shi ne abin tsoron. In ya yi kaɗan ƙofar ta yi gurji-gurji, in ya yi yawa ya zubo kamar hawaye, kuma ba a gane bambancin sai da ido. Na tsuguna ta gefe inda haske ke kwanciya a jikin ƙarfen, kamar yadda ya koya mini. Ya ɗaga injin, hannun nan ya tafi daga wannan gefe zuwa wancan, sumul, ba gargada. Ni ce mai cewa ƙara, ni ce mai cewa ya isa. Sau uku muka yi, da jira a tsakani. A shafi na uku na ga ruwan ya fara nauyi a ƙasan hannun ƙofa, na ce tsaya da ƙarfin da ya sa bakanike ya ɗago kai. Na zuba wa wurin ido. Bai zubo ba.

Ranar Juma'a da hantsi ya bi ƙofar da man gogewa, wannan karon tsumman yana hannunsa, idona yana kan tsumman. Shugabar makaranta ta zo, ta zagaya, ta durƙusa, ta nemi wurin ta rasa. Ta yi ta sa albarka, ta ce ai irin idon Madubi ba a sake yinsa ba, Allah ya bar masa shi. Na ce amin da ƙarfi, don na ga shi ya kasa.

Da motar ta fita ya daɗe tsaye yana fuskantar ƙofar gareji. Akwai wata farar mota da ke jiran layi, mai ita ma ya zo da kansa yana tambayar yaushe za a fara. Mijina ya ce masa ya kai wa wani, shi yana da uzuri. Ya wanke injin feshinsa tsaf, ya rataye, ya kulle rumfa, ya miƙo mini mukullin.

"Asibitin idon nan da kike faɗa, suna duba mutane yau?"

Na ce suna dubawa har la'asar. Muka fito bakin titi, motoci suna ta wucewa, na tsaya a bayansa ina jira ya tsallaka in bi, yadda muka saba tun ina amarya. Bai motsa ba. Can na ji ya laluba ya kama gefen mayafina.

"Uwargida, ki yi gaba."