Zomo a Teburin Mai Gyaran Agogo

Shekara talatin da ɗoriya Baba Daƙiƙa yana gyaran agogo a shago ɗaya, ɗan ƙaramin ɗaki tsakanin mai guga da mai sayar da takalma. Tun da waya ta ƙwace masa ciniki, yawancin yini sai ya tallafe haɓa yana sauraron agogunan bango, waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan lokaci ba, har gyangyaɗi ya ɗauke shi.

Da jikarsa za ta yi tafiyar mako uku da iyayenta, ta kawo masa ɗan zomonta a kwando, fari fat, bai cika tafin hannu biyu ba.

"Kaka, amana ce fa. Yadda na ba ka, haka za ka maido mini."

"Ke tafi can. Ni da nake ajiye agogon mutane shekara goma ko ƙura bai yi ba?"

Bayan kwana biyar zomo ya fara kaɗa kai, yana sosa kunne da ƙafar baya ba ji ba gani. Baba ya ɗora shi a tebur, ya maƙala gilashin aikinsa a ido, ya leƙa. Sai ga wata duniya. Ƙarƙashin ɓawon da ya bushe cikin kunnen, wasu ƙwari ne farare, ba su kai ƙwayar gishiri ba, suna ta kai da komo, kowa da inda ya nufa. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ga mai sauri, ya ga malalaci, har ya ga wani mai tafiya irin ta surukinsa.

Shi a saninsa, duk abin da ya lalace datti ne ya shige shi. Ya ɗauko hantsaki ya shiga tsince ƙwarin ɗaya bayan ɗaya, yana kankare ɓawon kamar tsatsa. Kwana uku yana wannan hidima. Kunne ya yi jajir, zomo ya ƙi ganye, ya koma gefe ya takure.

Matarsa ta kawo masa abincin rana, ta tsaya tana kallon ikon Allah.

"Malam, wannan fa ba a buɗe shi ta baya. Kai shi wurin masu abin, kafin yarinya ta dawo ta tarar da kwando kaɗai."

Likitar dabbobi ta duba kunnen, ta dubi Baba.

"Baba, wa ya yi masa wannan aika-aika?"

"Wani ne," in ji shi, yana kallon silin.

"To ku ce wa wanin ya bari. Ƙwarin ƙazwa ne, in an cire goma, ƙwai ɗari na jiran layi."

Ta yi wa zomo allura, ta ce a zubar da shimfiɗarsa, a wanke kwandon da ruwan zafi, ɓawon kuma da kansa zai faɗi. Sharaɗi ɗaya: kada a taɓa.

A duk rayuwarsa bai taɓa aiki mai wuya kamar wannan ba. Yakan zauna a kan hannuwansa don kada su yi masa gardama. In gyangyaɗi ya zo, sai ya ga ƙwarin sun ɗaure kaya suna barin gari a jere, mai kama da surukin nan yana can baya yana mita.

Ranar da jikar ta dawo, zomo na cin ganye kamar an aiko shi, amma gefen kunnen hagu babu gashi. Baba bai ɓoye komai ba, har da hantsakin. Ta ɗaga kunnen, ta juya shi, ta tsuke baki.

"Kaka, aikin nan bai ƙare ba. Ni ba na karɓar rabi. Ya zauna nan sai gashi ya fito, kullum in an tashi makaranta zan zo in duba."

"Kullum?"

"Kullum."

Baba ya tashi ya kwashe tarkacen da ke kan kujerar baƙi, ya kakkaɓe ta sosai.