Ratayen da Iya Ta Saƙa wa Baba

Na fi shekara uku ina cewa zan rubuta wannan, ina fasawa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in ɗora wa Hausa kalmar da wataƙila a gidanmu kaɗai ake faɗinta. Amma duk waɗanda zan tambaya sun rasu, shi ya sa na daure.

Kalmar ita ce rataye. A bakin kakata, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya, ba kowane abin da aka rataya ne rataye ba. Doguwar igiyar rama ce da ake jera wa busasshen zoɓo, da curin auduga, da ganyen kaba, da ƙyallaye masu launi, a ɗaure ta daga wannan gefen ƙofa zuwa wancan. Matafiyi kawai ake yi wa. Kuma dole tsakiyarta ta sauko ƙasa, don mai shigowa ya sunkuya. Iya takan ce, "Ko daga ina mutum ya dawo, ya shigo gidan uwarsa da kai a ƙasa."

A Malali muke zaune a shekarun saba'in. Baba direba ne a wata ma'aikatar gwamnati. Ina aji huɗu Allah ya kira shi aikin Hajji. Tun ranar da ya tafi, kullum bayan magariba sai Iya ta zauna bakin murhu saboda sanyi, tana saƙa rataye tana yi mana tatsuniya, ni ina miƙa mata zoɓo. Doka ɗaya ta kafa: ba a ɗaurawa sai an ji matafiyi ya sauka.

Ranar da aka ce jirginsu Baba zai sauka a Kano, Iya ta tafi suna Rigachikun. Ɗoki ya hana ni sakat. Na taka turmi na ɗaure ratayen a ƙofar gida. Da ta dawo ta ɗaga kai ta duba, ta sunkuya ta shige.

Jirgi bai zo ba. Washegari ma shiru. Kawu Sale, ƙanen Baba, wanda ya je tarbarsa a Kano, ya aiko direban wata mota ya ce mana ba wanda ya san dalili. Ni kuwa na san dalili: ni na karya doka. Na so in kwance igiyar, sai na ji tsoron kada kwancewar ta fi ɗaurawar muni. Kwana uku ina ture kwanon tuwona gefe.

A yamma ta uku Iya ta gyara itace a murhu, ta jawo ni jikinta. Sunanmu ɗaya da ita, don haka takwara take ce mini.

"Takwara, matso. Yau tatsuniyar taki ce, sauran 'yan rakiya ne."

Ta ce an yi wata mata, mijinta falke ne, ya tafi fataucin goro ƙasa mai nisa. Ko kwana ɗaya bai yi da tafiya ba, sai ta ɗaure rataye a ƙofa. Maƙwabta suka yi ta dariya. Damina ta ruɓar da shi, ta saƙa wani. Rani ya cinye launinsa, ta saƙa wani, har shekara bakwai. Shi kuwa ciwo ya kama shi a can, idonsa ya mutu. Da ya lallaɓo ya iso garin, ya tarar an yi gine-gine, ba wanda ya shaida shi. Ya dinga bin ƙofa ƙofa da sandarsa, har wani abu ya shafi rawaninsa. Ya ɗaga hannu ya taɓa, ya ji irin ƙullin matarsa. Ya ce, "Nan ne gidana." Ya sunkuya ya shiga.

Na fashe da kuka, na ce, "Iya, ni na ɗaura. Ni na hana jirgin Baba tasowa."

"To da wa? Aljani ne ya bar mini sawun ƙafa a gindin turmi?" Ta yi dariya har da tari. "Ke yanzu, igiyar rama ce za ta riƙe jirgi a Jidda? Ashe da ƙarfina ban sani ba!"

"To me ya sa kika hana?"

"Akuyar gidan maƙwabcinmu Malam Audu! Je ki duba gefen hagu, ta miƙe tsaye ta cinye mini zoɓo rabi. Shi ke nan dokar. Tafiya da dawowa na Allah ne. Ungo, cinye tuwon nan kafin in ba akuyar."

Bayan kwana biyu Baba ya iso. Dogo ne ƙwarai. Ya tsaya a ƙofa da farin rawaninsa, ya dubi ratayen da akuya ta yi wa giɓi, ya sunkuya ya shigo, audugar tana shafar kansa.

Ban daina fargaba ba har yau. In ɗana ya kama hanyar Zariya, ba na iya zama wuri ɗaya. Amma tun daga yammar nan, in zuciyata ta fara ce mini laifina ne, nakan tsaya in tambayi kaina ko akuya ce kawai. Iya ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma bar ni da nauyin da ba nawa ba. Allah ya jiƙanta, ya saka mata da Aljanna.

Roƙona ga masu karatu: Iya mutuniyar ƙasar Katsina ce, ban san ƙauyen ba. In akwai wanda ya taɓa jin ana ce wa wannan ado rataye, ko a garinsu da wani suna ake kiransa, don Allah ya sanar da ni. Jikata za ta dawo daga karatu wata mai zuwa, kuma tabbas za ta tambaye ni sunan abin da ya shafi kanta a ƙofa. Na riga na ɗaure shi.